Tambayoyinku: Baƙo da Cacar Powerball, da Bizar Ƙuri'a ta Amurka

Tambaya: Ɗana yana karatu a Amurka, zan je bikin sauke karatunsa. Ya ce ko mai bizar ziyara yana iya sayen tikitin Powerball. Haka ne? Kuma in mutum ya ci, ana ba shi takardar zama? (Wani dattijo daga Kumasi)

Amsa: Baba, rabin farko gaskiya ne. Dokarsu ba ta tambayar ƙasar mai saye, shekaru take dubawa, 18 a yawancin jihohi. Tikiti dala 2 ne. Ana zaɓar lambobi biyar daga 1 zuwa 69, da guda ɗaya daga 1 zuwa 26, a fitar da sakamako Litinin da Laraba da Asabar. Jihohi biyar ba a yin ta ko kaɗan: Alabama, Alaska, Hawai, Nebada da Yuta.

Wajen karɓar kuɗi ne baƙo ke gane shi baƙo ne. A jihar da aka sayi tikitin kaɗai ake biya, kuma akwai wa'adi, daga kwana 90 zuwa shekara guda gwargwadon jihar. Wanda ya koma gida bizarsa ta ƙare, wa'adin ba ya jiransa. Gwamnatin tarayya na cire kashi 30 cikin 100 daga kuɗin wanda ba mazauni ba kafin ya taɓa su, wato dala 100,000 ta koma 70,000, wasu jihohin kuma su ɗora nasu harajin. Ɗalibi ma, wajen haraji, galibi a sahun baƙi yake a shekarunsa biyar na farko. Tikitin da ba a sa hannu a bayansa ba kuwa, na wanda ya tsinta ne.

Takardar zama fa? Babu ita, ko miliyan nawa aka ci. Damar cin babbar kyautar ɗaya ce cikin 292,201,338. Hukuncin caca a Musulunci kuma ba sai mun tuna wa Baba ba.

Tambaya: An turo mini saƙo a WhatsApp wai na ci bizar Amurka ta ƙuri'a, in tura kuɗin rajista. Ban taɓa cike komai ba. (Wata mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Hajiya, kada ki tura ko dala. Wanda bai shiga ƙuri'a ba, ba ya fitowa a cikinta. Wannan shirin, da ake kira DV, ba shi da haɗi da cacar kuɗi: bizar zama ce da ake rabawa ta ƙuri'a, gurbinta bai wuce mutum 55,000 a shekara ba. Hukuma ba ta aika saƙon albishir. Mai nema ne ke duba sakamako da kansa a shafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, da lambar da aka ba shi ranar rajista. Kuɗin biza kuma a ofishin jakadanci ake biya, ranar ganawa.

Ƙasar haihuwa ake dubawa, ba fasfo ba. Haifaffun Najeriya an cire su tun zagayen 2015, don waɗanda suka yi ƙaura zuwa can sun haura 50,000 cikin shekara biyar, sai dai mutum na iya shiga da ƙasar haihuwar matarsa ko mijinta. Ana buƙatar shaidar kammala sakandare, ko shekara biyu a sana'ar da ke buƙatar horo.

Abubuwan da suka fi kayar da mutane ƙanana ne: cikewa sau biyu, hoton da ya wuce wata shida, ko ɓoye aure da 'ya'yan da ba su kai 21 ba. Masu shagon intanet kan yi wannan ɓarnar don sauri, wasu har su riƙe lambar rajistar sai an fanshe ta. Fitowa a ƙuri'ar ma ba biza ba ce, don ana zaɓar mutane fiye da gurbin da ke akwai, kuma wanda bai samu ba zuwa 30 ga Satumba, tasa ta wuce. A watan Yunin 2025 takunkumin shiga Amurka ya hau kan 'yan Chadi da Sudan, har waɗanda sunansu ya riga ya fito.