Tambaya da Amsa: Tsakanin tsohuwar kafar PS/2 da USB, ina ya kamata a jona kibod da linzami?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi sabuwar kwamfutar tebur, sai na ga a bayanta akwai wata kafa zagayayya, rabinta kore rabinta shunayya. Abokin aikina ya ce ta tsofaffin kibod ce, kuma wai ta fi USB sauri, shi ya sa masu wasannin kwamfuta suke nemanta. Shin hakan gaskiya ne, kuma me ya sa har yau ake saka ta a sababbin kwamfutoci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafar da ka gani sunanta PS/2, kuma ta samo sunan ne daga jerin kwamfutocin Personal System/2 da kamfanin IBM ya fitar a 1987. Kafin zuwanta, kibod yana shiga wata ƙatuwar kafa ce mai ramuka biyar, shi kuwa linzami galibi ana jona shi ne a kafar siriyal mai allurai tara. PS/2 ta zo da ƙaramin filogi mai allurai shida, iri ɗaya ga na'urorin biyu, kuma wannan kamannin ya riƙa rikita mutane har sai da aka bambanta su da launi a ƙarshen shekarun 1990, shunayya ta zama ta kibod, kore kuma ta linzami. Mai launi biyu irin taka kafa ɗaya ce da ke karɓar duk wanda aka jona mata a cikinsu. Ita kuwa USB ta bayyana ne a 1996, sai dai ba ta karɓu sosai ba sai daga 1998, shekarar da kamfanin Apple ya fitar da iMac ba tare da tsohuwar kafarsa ta kibod ba.

Maganar abokin aikinka tana da tushe, amma ya ƙara mata gishiri. Bambancin yana cikin yadda kowacce take isar da saƙo. A tsarin PS/2, da zarar ka danna harafi, kibod ɗin ne yake aika saƙo da kansa, ya katse wa kwamfuta abin da take yi don ta saurare shi. A tsarin USB kuwa kwamfuta ce take leƙowa a kai a kai tana tambayar na'urar ko akwai sabon abu, kuma ga kibod ko linzami na gama-gari tana yin wannan leƙen sau 125 a kowace daƙiƙa, wato duk bayan milisakan 8 (milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa). Daga nan ne zancen jinkirin USB ya samo asali. Abin da masu wannan zance ba sa faɗa shi ne, wayar PS/2 ita kanta ba ta da sauri, domin agogonta yana gudu ne tsakanin bugu dubu 10 zuwa dubu 16 da ɗoriya a daƙiƙa, saboda haka aika lambar harafi ɗaya yakan ci kusan milisakan guda, wasu madannan ma lamba biyu ko fiye suke aikawa. Ga shi kuma kibod da linzamin USB da aka ƙera domin wasanni suna amsa leƙe sau 1000 a daƙiƙa. A ɓangaren linzami ma tsohuwar kafar ce a baya, tunda a saitinta na asali rahoto 100 take bayarwa a daƙiƙa, iyakarta kuma 200. Idan ka tuna cewa allon kwamfuta na yau da kullum yana sauya hoto ne sau 60 a daƙiƙa, kusan duk bayan milisakan 17, za ka ga cewa wanda yake rubuta wasiƙa ko lissafi a ofis ba zai taɓa jin wannan bambanci a yatsunsa ba.

Hujja ta biyu da masoya PS/2 suke kafawa ta fi ta farko ƙarfi, ita ce ta yawan madannan da za a iya dannawa a lokaci guda. Tsari mafi sauƙi na kibod ɗin USB, wanda kowace kwamfuta take fahimta tun kafin Windows ko wani tsarin aiki ya tashi, yana da gurbin madannai shida ne kawai, ban da irin su Shift da Ctrl da Alt. PS/2 ba ta da wannan iyaka, domin kowane madanni yana aika labarin dannawarsa da na sakinsa daban. Duk da haka, a yau akwai kibod ɗin USB da yawa da suka tsallake wannan shinge ta hanyar amfani da wani tsarin rahoto mai faɗi. Sannan sau da yawa ba kafar ce take hana ruwa gudu ba, ginin kibod ɗin ne: a masu araha an jera madannai bisa layukan waya da suke tarayya, ta yadda wasu haruffa uku idan suka haɗu sai na ukun ya ɓace, ko a wace kafa aka jona shi.

Dalilin da ya sa ake ci gaba da saka kafar PS/2 kuwa, a ganina, ya fi alaƙa da ranar matsala. PS/2 tana aiki ne ba tare da jiran manhajar da ke sarrafa kafofin USB ba, saboda haka idan USB ya ƙi tashi, ko saitin BIOS (manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows) ya rikice, tsohon kibod ne yakan fitar da mai gyara kunya. Waɗanda suka yi ƙoƙarin ɗora Windows 7 a kan kwamfutoci masu USB 3.0 zalla sun san wannan, domin faifan ɗorawar bai zo da direban sabuwar kafar ba, wato manhajar da ke sarrafa ta, sai mutum ya ga allon farko ya buɗe amma kibod da linzami sun yi shiru. Akwai kuma ma'aikatun da suke kashe kafofin USB gaba ɗaya don kada a kwashi bayanai da filashi, kuma ta kafar PS/2 babu abin da zai wuce sai dannawa da motsin linzami.

Sai dai ka kiyaye abu biyu idan za ka yi amfani da ita. Ba a ƙera ta don a riƙa cirewa da mayarwa kwamfuta tana kunne ba. Galibi na'urar ba za ta yi aiki ba sai an sake kunna kwamfutar, kuma a tsofaffin kwamfutoci hakan yana iya lalata kafar. Sannan alluranta sirara ne ƙwarai. A tsakiyar filogin akwai wani ɗan harshen roba da ke nuna yadda zai shiga, kuma duk wanda ya taɓa durƙusawa a ƙarƙashin tebur yana murza filogin a makance, kamar yadda ni ma na taɓa yi har na lanƙwasa allura guda na koma miƙe ta da bakin hantsaki, ya san dalilin da ya sa ba kowa ne yake kewar wannan kafa ba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da wani ɗan adafta kore da ya zo da tsohon linzamina, mai mayar da USB zuwa PS/2. Na jona sabon kibod ɗina da shi amma ko fitila bai kawo ba. Adaftan ne ya lalace?

Amsa: Barka kadai, Malama. Mai yiwuwa lafiyarsa lau. Irin wannan adafta babu komai a cikinsa sai wayoyi huɗu da suke sada bakin USB da alluran PS/2: biyu na wuta, mai ƙarfin bolt 5 a duka tsarin biyu, biyu kuma na saƙo. Ba ya fassara komai. Tsohon linzaminki ya yi aiki da shi ne saboda an ƙera shi yana jin harsunan biyu, yana gane kafar da aka jona shi sai ya sauya magana. Yawancin na'urorin da ake ƙerawa yanzu harshen USB kaɗai suka iya, don haka adaftan ba zai amfane su da komai ba. Wanda yake son jona tsohon kibod na PS/2 a sabuwar kwamfuta marar wannan kafa, shi ma abin da yake buƙata shi ne adafta mai 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa a ciki, wanda yake fassara saƙon da gaske, kuma galibi za ki gane shi da ɗan kumburi a tsakiyar wayarsa da kuma kafofi biyu, kore da shunayya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji da tarin wayoyi a kan teburina. A kibod da linzami marasa waya, tsakanin na Bluetooth da mai ɗan makarɓin da ake sakawa a USB, wanne za ka ba ni shawara in saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Dukansu biyu suna aiki ne a zangon rediyo na gigahaz 2.4, amma halinsu ya bambanta. Mai ɗan makarɓi, a idon kwamfuta, kibod ne ko linzamin USB kamar kowanne, saboda haka yana aiki tun daga allon BIOS, ba ya buƙatar saiti, kuma masu kyau daga cikinsu suna kamo masu waya a sauri. Illarsa ita ce yana cinye kafa guda, kuma makarɓin bai wuce girman farce ba, idan ya ɓace wani lokaci na'urar ta tashi aiki ke nan, sai dai a irin tsarin Unifying na Logitech, inda makarɓi ɗaya yake iya ɗaukar na'urori har shida kuma ana iya haɗa sabo.

Bluetooth kuwa ba ya cin kafa, kuma ya fi dacewa da wanda yake sauya aiki tsakanin laftof da wayar hannu. Amma a yawancin kwamfutoci ba ya farkawa sai tsarin aiki ya gama tashi, wato ba za ka shiga BIOS da shi ba, kuma don tattalin batir yakan yi barci, sai ka ga harafin farko ya ɗan makara bayan an jima ba a taɓa shi ba. Ga kwamfutar tebur ni na fi karkata ga mai makarɓi.

Idan ka saye shi sai ka ga linzamin yana tsalle ko yana sandarewa, kada ka yi saurin ɗora laifi a kan batir. Kafofin USB 3.0, waɗanda galibi cikinsu shuɗi ne, da wayoyin da aka jona musu suna fitar da hayaniyar rediyo a daidai wannan zango, abin da kamfanin Intel ya bayyana a wata takarda a 2012. Ka mayar da makarɓin kafar USB 2.0, ko ka sa masa gajeriyar wayar ƙari ta kawo shi saman tebur kusa da linzamin, nesa da duk wani faifan ajiya da ke jone.

Tambaya: Malam, linzamina zai ƙara sauri idan na mayar da shi shuɗiyar kafa ko ta USB-C?

Amsa: Ba zai ƙara ba. Bayanan da linzami ko kibod yake aikawa kaɗan ne ƙwarai, har mafi ƙarancin gudun USB na farko, megabit 1.5 a daƙiƙa, ya wadatar da na gama-gari, kuma na'urar tana tafiya ne da gudun da aka ƙera ta da shi ko a ina aka jona ta. Ka bar shuɗiyar kafa ga filashi da faifan ajiya, su ne suke amfana da ita, ka jona linzamin a baƙar kafar USB 2.0 da ke gefenta.