Yadda ɗalibai suka jure zaman kullen korona

Malama, kin tambayi yadda ɗaliban jami'a suka iya jure damuwa lokacin kullen korona har suka koma aji da hankalinsu.

Ɗalibin jami'ar gwamnati a Najeriya duka biyu ya sha a 2020. An rufe makarantu a watan Maris saboda cutar, a watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, wato ASUU, ta tsunduma yajin aikin da ba a janye ba sai 23 ga Disamba. Abin da ya fi cin rai shi ne rashin sanin ranar komawa. Ɗan ajin ƙarshe yana ta lissafin bautar ƙasa, ga shi kwance a ɗaki, dare ya koma masa rana, maƙwabta na tambayarsa yaushe zai gama.

Waɗanda na ga sun fi samun sauƙi su ne masu tsara yininsu: a tashi da asuba, a yi tilawa, a buɗe littafi ko da shafi biyu ne. Da aka sassauta dokar, wasu suka zauna a shagon tela ko na gyaran waya. 'Yan mata da dama suka kama yin cincin da turaren wuta suna tallatawa a WhatsApp. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma mutum ya ji yana da amfani, kuma wannan ya riƙe zukata sosai.

Sai dai ba kowa ne ya jure ba. Wanda ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane har makonni, "ka yi haƙuri" kaɗai ba za ta ishe shi ba. A zauna a saurare shi, sannan a raka shi wurin likita.