Tsofaffin Wasannin Bidiyo: Kafin Ku Zura Hannu a Aljihu

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai karatun zane. Tsofaffin wasannin bidiyo sun shiga raina, har ina son in ƙirƙiri nawa, amma kwamfutata ta tsufa. Ko sai na sayi sabuwa?

Kwantar da hankalinki, 'yata, kada ki ci bashi. Allon Game Boy, na'urar wasa ta hannu da kamfanin Nintendo ya fitar a 1989, ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, da launi huɗu kacal, kuma a haka aka yi wasannin da har yau ake nema. Sauke GB Studio, manhajar ƙirƙirar wasannin Game Boy, kyauta ne, ki fara wasanki da ɗaki ɗaya da mutum ɗaya. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, ɗan wasan bidiyon nan mai hula, shi ma kwalejin zane ya yi a Kanazawa ta Japan. Hular Mario da gashin bakinsa dabarar mai zane ce: ɗigon da yake da shi a wasan Donkey Kong na 1981 bai isa fitar da suma da baki ba.

Tambaya: An tallata mini na'ura mai wasanni 9999. In saya?

Je ka ƙirga su tukuna. 'Yan ƙalilan ne ake maimaitawa da sabon suna.

Tambaya: Na samu kaset ɗin Pokémon Emerald a rabin kuɗinsa, mai shi ya rantse na asali ne.

Rantsuwa ba shaida ba ce, malam. Kaset ɗin Pokémon na Game Boy Advance, na'urar da ta gaji Game Boy, yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, kuma masu yin sun ƙware. Karkata takardar jikinsa a haske: na gaskiya akwai 'yan lambobi da aka danna a kai, kamar hatimi marar tawada. Leƙa ta ƙasa, saman haƙoran nan masu ruwan zinare da ke shiga cikin na'ura, za ka ga sunan Nintendo a jikin faifan. In ya yarda a buɗe kaset ɗin, ka tarar da baƙin ɗigon ƙaro a maimakon guntun lantarki, mayar masa da kayansa. In ya hana a duba, ai ya ba ka amsa.

Abin da ke ba ni haushi, ɗalibi zai hana cikinsa ya tara kuɗi, ya sayi na jabu, ya kwashe makonni yana wasa, wata safiya ya kunna ya tarar duk abin da ya adana ya goge. Araha ba ta ado. Kuma kada ka tura ko sisi a kan hoto ɗaya. Ka ce a ɗauko maka gaba, baya da ciki.