Na Buge Mai Babur Ina Duba Waya: Akwai Kaffara A Kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban motar haya ne, ina jigila tsakanin Kano da Zariya. Kwanakin baya wani mai babur ya fito daga wata 'yar hanya ya hau titi bai duba ba, na buge shi, ya kwana biyu a asibiti Allah ya yi masa rasuwa. Waɗanda suka ga abin sun ce laifinsa ne, 'yan'uwansa kuma sun ce ƙaddara ce, sun yafe. Ya bar mata da yara ƙanana. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, a lokacin ina duba alat ɗin kuɗin mota da wani fasinja ya turo. Abokina ya ce hana riƙe waya dokar 'yan Rod Sefti ce, ba ta Allah ba, don haka babu komai a kaina. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mamacin, ya raya abin da ya bari. Kai kuma ɗan'uwa, rashin barcin da ya sa ka rubuto wannan tambaya alheri ne gare ka, kada ka bari wani ya kashe maka shi.

Hukuncin ya rataya ne a kan maganar da ka ɓoye. Da a ce idonka na kan titi, gudunka daidai, burkinka lafiya, mutum ya faɗo gabanka ta yadda babu direban da zai iya kauce masa, da na ce maka babu komai a kanka. To amma idonka na kan waya. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuya, ka buɗe saƙo, ka nemi sunan mai turowa da adadin kuɗin, daƙiƙa uku ke nan aƙalla, ka wuce mita 60 da rayukan mutane a bayanka ba ka ga komai ba. A cikin wannan tazarar ake taka burki, ake danna hon, ake karkata sitiyari. Shaidun da suka wanke ka daga waje suka hango, ba su ga hannunka ba. Kuskuren mamacin na nan, amma bai shafe sakacinka ba.

Saboda haka wannan kisan kuskure ne, kuma kaffarar da ke cikin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta hau kanka: azumin wata biyu a jere, tunda babu bawan da za a 'yanta. Ciyarwa ba ta tsayawa madadinsa a wajen mafi yawan malamai. Yafiyar dangi ba ta taɓa kaffara, don haƙƙin Allah ce.

Ka lura da wani abu da ya shafi sana'arka. A mazhabar Malikiyya, idan ka sha azumin nan saboda tafiya, jerin ya yanke, sai ka faro daga farko. Rashin lafiya ne ba ya yanke shi. Don haka ka zaɓi lokacin da za ka iya, wanda Ramadan ko ranar Sallah ba za su faɗo a tsakiyarsa ba. Idan ya dace da hunturu ya fi maka sauƙi. Idan azumi na sa ka gyangyaɗi a kan sitiyari, ka rage zirga-zirga, kada a gudu gara a faɗa zago.

Maganar abokinka kuwa ta yaɗu a tashoshin mota, har wasu masu ɗan karatu suna ƙawata ta da cewa gwamnatin da ba ta hukunci da shari'a dokarta ba ta hau kan Musulmi ba. Wannan magana ɓatacciya ce tun daga tushe. Ba hukumar FRSC, wato 'yan Rod Sefti, ce ta haramta jefa rayukan mutane cikin haɗari ba, ta tarar da haramcin ne ta sa masa tara. Tun kafin a san mota, littafin Risala da yaranmu ke karantawa a zaure ya ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka. Idan mai jaki yana da alhakin lura da inda jakinsa ke sa ƙafa, ina ga mai ƙarfen da ke gudu da mutum goma a ciki?

Sannan ka tambayi abokin naka, a wane hannu yake tuƙi? Najeriya ta koma hannun dama ne a 1972 da umarnin gwamnati, babu aya babu hadisi a kai. Me ya hana shi bin hagu a kan titin Zariya? Ya san zai kashe mutane. Dalilin da ya wajabta masa bin hannun dama shi ne ya wajabta masa ajiye waya. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne a addini, kuma hukuma na da damar hukunta mai karya su, har da tarar kuɗi. Ko a Ingila kake tuƙi hukuncin bai canza ba, domin rai rai ne, kuma ranar da ka karɓi lasisi alkawari ka ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka waninsa kusan sau 4 wajen yiwuwar yin haɗari, kuma sa abin kunne ba ya rage haɗarin sosai, don hankali ne ke tafiya. Cewa ƙaddara ce gaskiya ne, amma ƙaddara abin haƙurin wanda aka yi wa ce, wanda ya yi sakaci ba ya fakewa da ita.

Sai batun diyya, wanda ba ka tambaya ba amma ya fi damuna. Dangin sun yafe ne bisa zaton ba ka da hannu. Kuma ka ce akwai yara ƙanana. Diyya gado ce, marayun nan suna da kaso a ciki, baffa ko kawu ba shi da ikon yafe rabon maraya a banza. Babba mai hankali rabonsa kaɗai zai iya yafewa. Ka samu wani malami ko dattijo mai riƙe sirri, ya raka ka wajen magadan a faɗa musu gaskiya cikin hikima. Tantance kason da ke kanka, tunda shi ma mamacin ya yi kuskure, aikin alƙali ne ko masu sulhu masu ilimi. Asalin diyyar kisan kuskure dangin mai kisa ne ke haɗa ta, don haka kada nauyin ya firgita ka, ka nemi taimakon 'yan'uwanka da ƙungiyarku ta direbobi. Abin da inshora ta biya ma yana shiga lissafi.

Daga yau, fasinja ya biya a tasha kafin a tashi, ko ya nuna wa kwandasta shaidar turawa. Kira ya shigo, ko na mahaifiyarka ne, ka sa sigina ka gangara gefe ka tsaya sannan ka amsa. Idan kuma jami'i ya kama ka da waya a hannu, ka karɓi takardar tara ka biya a inda hukuma ta ce, kada ka miƙa na goro.

Wallahu a'alam.