Yarinyar da aka samu a kan dutsen Llullaillaco

Tambaya: Salam malam, na ga hoton wata yarinya zaune kamar tana gyangyaɗi, wai gawa ce mai shekara 500 da aka samu a kan dutse. Da gaske ne ko haɗi ne? Kuma ana iya hawa wurin?

Amsa: Wa alaikis salam ƴar'uwa, wallahi da gaske ne. Dutsen sunansa Llullaillaco, yana kan iyakar Ajantina da Chile a jerin tsaunukan Andes, tsayinsa mita 6,739. Dutse ne mai aman wuta, wani ɓangaren ƙasan tekun Fasifik da ake ce wa Nazca ne yake nutsewa a hankali ƙarƙashin Kudancin Amurka, duwatsu su narke a can ƙasa su taso, amai kan amai har ya zama wannan ƙaton tsauni. Kuma a gefen hamadar Atacama yake, ga sanyi ga bushewa, shi ya hana gawar ruɓewa.

Toh ba ita kaɗai ba ce ma. A 1999 masu binciken kayan tarihi Johan Reinhard da Constanza Ceruti suka tono yara uku dab da ƙololuwa, ita budurwar, da yaro ɗan shekara bakwai haka, da wata ƙarama da tsawa ta faɗa wa bayan an binne ta. Mutanen Inka, tsohuwar daular da ta mulki yankin Andes, su ne suka kai su hadaya, ibadar da suke kira capacocha. An samu ganyen koka, wani ganye da mutanen Andes ke taunawa, a bakin budurwar, binciken gashinta kuma ya nuna an yi ta ba ta koka da giyar masara a watanninta na ƙarshe. Ni abin da ya fi karya min zuciya kitsonta ne, ƙanana-ƙanana, har yau bai warware ba, kinga wani hannu ne ya zauna ya yi mata shi kafin a tafi da ita.

Maganar hawa, ana hawa, ba sai da gwanintar igiya ba, matsalar numfashi ce don iskar can sama ba ta kai rabin ta bakin teku ba, dole mutum ya kwana-kwana a hanya jikinsa ya saba in ba haka ba ciwon kai da amai su sauko da shi. Ƴan Chile da suka hau a 1952 sai suka tarar da alamun cewa mutanen Inka sun riga su da ɗaruruwan shekaru.

Yanzu yaran suna gidan tarihi a birnin Salta na Ajantina cikin sanyi, ɗaya-ɗaya ake nuna su, wasu ƴan asalin yankin kuma suna cewa a mayar da su dutsen, ni dai ban ga laifinsu ba.