Tambaya da Amsa: Dattijuwa a Gaban Kyamara

Tambaya: Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo na shirin fim mai dogon zango da za mu ɗora a YouTube. Me ya sa dattijuwa a fim ɗin Hausa ba ta wuce muguwar uwar miji ko uwa mai kuka? Ta yaya za mu kauce wa haka? Daga wani marubuci a Gusau.

Amsa: Malam, tushen abin kuɗi ne da tsarin ɗauka. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, kasuwar kaset ta karkata ga soyayya da waƙa, fuskar budurwa ake bugawa a fosta. Sai furodusa ya tattara duk fitowar uwa, a ɗauke ta rana ɗaya a falo ɗaya, a sallame ta. To matar da ba ta bar falo ba, me ya rage mata in ban da faɗa da sa albarka? A 2022 dattijuwar 'yar fim Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa naira 2,000 zuwa 5,000 ake ba ta a fim, maganar da ta tayar da ƙura a Kannywood. Marigayiya Saratu Gidado, wato Daso, wadda ta rasu a 2024, ta raya matsayin masifaffiya har ya zama abin so, amma baiwa irin tata ta fi ƙarfin matsayi guda.

Sauyi ya zo da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na Arewa24. Labarin da zai yi shekaru ba ya tsayuwa da saurayi da budurwa kaɗai, sai an cika gari da mutane.

Ku fara da bai wa dattijuwar sana'a da buƙata tata ta kanta. Uwar adashi ce da kuɗin mata talatin suka maƙale a hannunta? Ungozoma ce da asibiti ya rage mata aiki? Mai ƙuli-ƙuli ce da ke neman gonar gadonta a kotu? Gwajin mai sauƙi ne: a cire ta daga rubutun. In labari bai rushe ba, ba a rubuta ta ba tukuna. Kuma don Allah ku bar ta da harshenta. In "wanga" da "mi" take cewa, kada a tilasta mata Kananci, nan take maganarta za ta bushe.

Wajen ɗauka, a sa ta da safe kafin rana ta yi zafi, musamman a bazara, kada fitowarta ta wuce biyar ko shida a yini. Dattijai da yawa sun fi sabawa da ajami ko hadda, don haka a tura mata maganganunta a saƙon murya ta WhatsApp kwana uku kafin aiki. Ƙaramar makirufo kuma kada a cusa ta ƙarƙashin mayafi, gogar yadi za ta cinye muryar. A maƙala ta a wuyan riga, a tsare mayafin da fil. A rubuta kuɗinta, na kowace rana, da na mota da abinci, a sa hannu a gaban wani nata.

Tambaya: Ba mu samu tsohuwa ba. Za mu iya yi wa budurwa kwalliyar tsufa? Daga wata mai kwalliya a Birnin Kebbi.

Amsa: 'Yar'uwa, in da hali a haƙura. Hodar da ake zuba wa gashi tana dunƙulewa da gumi, layukan gazal a goshi kuma suna fitowa ɓaro-ɓaro in kyamara ta matso. Wuya da bayan hannu su ke tona asiri, haka tashi daga tabarma. In ya zama dole, a ƙara mata shekara goma zuwa sha biyar kawai, a inuwanta ƙarƙashin ido da gefen baki da hoda mai duhu kaɗan, a guji ɗaukar fuska kusa. Kafin nan dai ku leƙa gidajen rediyo da ƙungiyoyin mata, akwai waɗanda suka daɗe suna wasan kwaikwayo da murya.