Mama da wankin shaddar Baba

'Yar'uwa, kin ce Mama tana jiƙa shaddar Baba a omo ta kwana har ƙyallinta ya mutu, kina neman yadda za ki gaya mata. Tawa mahaifiyar ma haka take yi a gidanmu na Tudun Wada. Ba laifinsu ba ne, da wankin atamfa suka saba.

Omo yana cinye ƙyallin shadda, balle gezna. Ruwan sanyi da sabulu mai laushi take so, a cuɗa a hankali, kar a murɗe ta wajen matsewa. A juya bayanta a shanya a inuwa, don ranar Zariya lokacin bazara ba ta barin launi. Babbar rigar mahaifinmu kafaɗarta ta koɗe daidai inda ta hau igiya, abin ya yi mini ciwo. In ta bushe da sitaci, a kai wa masu bugu a cikin birni.

Don Allah kar ki ce mata ba ta iya ba. Ki ce, "Mama, ki huta, ni zan riƙa wanke kayan Baba," ki wanke a gabanta a tsakar gida. Tawa da ta ga rigar ta dawo daga bugu, da kanta ta bar omon ga zannuwan gado.